Karatun ƴan mata da na samari a Tawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi tasowa a taron iyayen yara, a ɗakin malamai, da kuma a fadar masu shan shayi idan hira ta biyo ta kan sakamakon jarrabawa. Na amsa su da abin da masana ilimin zamantakewa suka gano, haɗe da abin da duk mai ido yake gani a makarantun jihar Tawa. Inda amsa ta zama ra'ayina ce, na faɗa.

Da gaske ne maza sun fi mata nisa a karatu a Nijar, ko dai zancen ƙungiyoyi ne?

Gaskiya ne. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa wajen kashi 14 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 ne ke iya karatu, a maza kuwa wajen kashi 42. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma tazarar ba ta rufe ba. A tuna kuma daga inda aka taso: a 1960, yaran da ke makarantar boko a ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, maza da mata a haɗe.

Abin lura shi ne inda tazarar ke buɗewa. Ka leƙa ajin CI, ajin farko na firamare, a cikin garin Tawa, da wuya ka ce maza sun fi yawa. Ana fara ganin giɓi ne wajen CM1 da CM2, azuzuwa biyu na ƙarshen firamare, ya ƙaru wurin shiga kolej, wato ƙaramar sakandare, ya yi muni tsakanin 6e da 4e, shekarar farko zuwa ta uku a kolej. Kafin a kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, wasu azuzuwan ana ƙirga ƴan matan cikinsu da yatsun hannu. Kuma ba kowace yarinya ce abin ya shafa daidai ba. Ɗiyar ma'aikacin gwamnati da ke Sabon Gari ta fi ɗan manomi na wani ƙauyen Buza damar kaiwa ga bak, jarrabawar gama lise, nesa ba kusa ba. Abu uku ne ke haɗuwa: kasancewa mace, zaman karkara, da ƙarancin abin hannu. Wadda ukun nan suka haɗu a kanta, ita ce ta fi kowa saurin barin aji.

Haka abin yake a ko'ina cikin duniya?

A'a, a ƙasashe da yawa ma ya juya. A Faransa, tun farkon shekarun 1970 ƴan matan da ke cin bak suka fi samari yawa. A Aljeriya, maƙwabciyarmu, kuma ƙasar Musulmi, mata sun fi rabin ɗaliban jami'a da tazara mai yawa. A Lesoto da Mongoliya samari ne ake cirewa daga makaranta su bi dabbobi, ƴan mata su zauna a aji. Jarrabawar PISA, wadda ake yi wa ƴan shekara 15 a ƙasashe da dama tun 2000, kusan kullum tana nuna ƴan mata a gaba wajen fahimtar abin da aka karanta. Abin da ke canzawa daga wannan ƙasa zuwa waccan, daga zamanin kaka zuwa na jika, ba a jini yake ba.

Amma ai kowa ya san maza sun fi kan lissafi. Wannan ba halitta ba ce?

Wannan magana ta daɗe, har ƴan matan da kansu suna maimaita ta. Masaniyar halayyar ɗan Adam Janet Hyde ta Amurka ta tattara bincike masu ɗimbin yawa, ta fitar da sakamako a 2005: a yawancin abubuwan da ake aunawa, har da lissafi, bambancin maza da mata ƙanƙani ne ko babu shi. Bambancin da ke tsakanin yaro da yaro, ko yarinya da yarinya, ya ninka shi sau da yawa.

Dubi fannin kwamfuta. A Amurka, a 1984, kashi 37 cikin ɗari na masu samun digiri a fannin mata ne. Bayan shekara ashirin da ɗoriya suka koma ƙasa da kashi 20. Ƙwaƙwalwar matan Amurka ba ta canza ba a tsakanin nan. Abin da ya canza shi ne yadda jama'a suka ɗauki sana'ar, ta koma ta maza a idonsu. A Maleziya kuwa mata sun cika fannin, a Tunisiya da Aljeriya su ne ke cika ɗakunan karatun kimiyya.

Akwai wani gwaji da masu bincike biyu, Pascal Huguet da Isabelle Régner, suka yi da ɗaliban kolej a Faransa. Aka nuna wa yara wani zane mai sarƙaƙiya, aka ce su sake zana shi da ka. Wasu aka ce musu wannan aikin lissafin siffofi ne, wasu aka ce musu wasan zane ne kawai. Aiki ɗaya ne sak. Ƴan matan da aka ce wa lissafi ne suka gaza samari, waɗanda aka ce wa zane ne kuwa suka fi su. Wasu gwaje-gwaje irin wannan da aka maimaita daga baya ba su nuna tasiri mai ƙarfi haka ba, don haka kada a ɗora komai a kansa. Amma duk malamin da ya taɓa kiran yarinya gaban allo, ya ga alli yana rawa a hannunta alhali takardarta ta gida ba kuskure, ya san akwai wani abu a nan.

Mu a nan ma matsalar ta wuce ta maza da mata. Auna ilimi na PASEC na 2014, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran ƙarshen firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ko a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an ɗaga. Inda galibin yara suka fito firamare da tushe mai rauni, wanda ya samu lokacin maimaita darasi a gida shi ke tsira.

To me ke fitar da yarinya daga makaranta?

Masanin zamantakewa Raymond Boudon, a farkon shekarun 1970, ya raba dalilan rashin daidaito a karatu gida biyu. Na farko, abubuwan da ke sa makin yaro ya yi ƙasa. Na biyu, shawarar da iyali ke yankewa a kowace mararraba, ko da makin yana da kyau: a ci gaba ko a tsaya, nawa za a kashe, me za a samu, wane haɗari ke ciki. Shi yana magana ne a kan ƴaƴan masu hali da na talakawa, amma ma'aunin ya hau kan ƴan matanmu daidai.

Na farkon, a wurinmu, lokaci ne. Na biyun kuwa nisa ne.

Firamare ta kusa shiga kowane babban ƙauye, kolej kuwa tana hedikwatar ƙaramar hukuma ko wani babban gari. Yarinya ta gama CM2 a ƙauyen Keita ko na Illela, sai a nema mata mai masauki. Idan aka yi sa'a akwai gwaggo a gari. Ga yadda safiyarta take: ta tashi da asuba, ta ɗauki jarka zuwa famfo ta bi layi, ta dawo ta yi shara, ta wanke kwanonin jiya, ta yi wa ƙananan yaran gidan wanka, wani lokaci ta kai ƙosan gwaggo bakin hanya. Ba wanda ya zalunce ta a ganin mutanen gidan, ai baƙuwa mace ba ta zama hannu sake a gidan da take ci. Ta iso makaranta an rufe ƙofa, ta tsaya a rana tare da sauran masu latti, darasin farko ya wuce. A jadawalin makarantu da yawa, lissafi da safe ake sa shi. Da rana ta koma ta tarar da daka da girki. Bayan isha, idan barci bai sace ta ba, ta buɗe littafi da fitilar salula.

Ɗan gidan kuwa, wanda suke aji ɗaya, ya ci tuwo ya fita. Duk wanda ya zaga unguwannin Tawa ko Yamai da dare lokacin da jarrabawa ta gabato ya ga allunan nan da ake shafa wa baƙin fenti a jikin katanga, ƙarƙashin fitilar titi, samari huɗu ko biyar suna ta fama da lissafi har tsakar dare. Wannan ita ce makaranta ta biyu, kyauta ce, kuma ta maza ce zalla. Ba uban da zai bar ɗiyarsa ta tsaya a bakin titi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ni ma ba zan ce ya bari ba. Sai dai a san cewa tarihi ana iya haddace shi ana tankaɗe, lissafi kuwa sai an zauna an warware misali hamsin. A ƙarshen shekara maki ya faɗi, a ce ta maimaita aji ko a kore ta, kowa ya ce ai dama ba ta da kai.

Aure ne ke raba ta da makaranta, ko barin makaranta ne ke kawo auren?

Duka biyun, kuma na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Alƙaluman 2012 sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, wasu kuma an riga an kore su ko sun gaji sun bari. Yarinya ƴar shekara goma sha huɗu tana zaune gida, ba makaranta ba sana'a, iyaye na tsoron abin kunya, ga manemi ya fito. A irin wannan hali aure ne kaɗai matsayi mai daraja da al'umma ta tanadar mata. Akwai kuma waɗanda ake cirewa suna tsakiyar karatu, suna kuka, ba a musun wannan.

Ta fuskar doka, kundin dokar farar hula ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji, amma galibin aure ba ta nan ake ɗaura shi ba. A 2012 an kai daftarin dokar kare karatun ƴan mata gaban majalisa, ƙungiyoyin addini suka nuna rashin amincewa da wasu sassansa, bai wuce ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin kariya da tallafi ga yarinya mai karatu, matakan da suka biyo bayansa kuma suka ba wadda ta yi aure ko ta haihu damar komawa aji. A takarda ke nan. A aikace sai miji ya yarda, sai an samu mai riƙe jariri.

Me ya sa wani lokaci uwa ce da kanta ke cire ɗiyarta?

Saboda lissafinta daban ne da na hukuma. Macen da ba ta fita kasuwa, ɗiyarta ce ƙafarta: ita ke kai fura, ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gyaɗa ko tafasa. Da ribar tallar nan ake zuba adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki, kuma ranar jere mutuncin uwa ne ke kan sikeli. A jiharmu akwai ƙarin dalili: maza da yawa na tafiya bida, su yi watanni ko shekaru, gida ya rage a hannun mace. Ruwa, itace, dabbobi, reno, duk ita. Idan dole a rage ɗaya daga makaranta don ya kama mata, ba ta tsayawa dogon tunani kan wanda za ta zaɓa. Ana kuma cewa ɗiya mace ta gidan wani ce, abin da aka kashe mata wasu za su ci. A zahiri kuwa, ku tambayi tsofaffi wa ya fi aiko musu da cefane a ƙarshen wata, ɗiyarsu malama ko ɗansu.

Shi ya sa ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, inda suke aiki da gaske, sun fi jawabin manyan baƙi tasiri. Uwa ta fi jin maganar uwa ƴar uwarta.

Addini ne ya hana?

Da wuya mutumin jihar Tawa ya faɗi haka da bakinsa idan ya san tarihin ƙasarsa. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin ƴan taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna koyar da mata.

Abin da iyaye suka ƙi tun zamanin mulkin mallaka shi ne makarantar nasara, wadda aka riƙa kamen yara dominta, kuma suka ga tana raba yaro da tarbiyyar gida. Saura na wannan zargi yana nan. Shi ya sa iyaye da yawa suka fi sakin jiki da makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda ta farkonsu aka buɗe a Sayi a 1957, garin da jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986. Haka kuma dubban mata na zuwa islamiyya da yamma ko da dare, suna karanta Larabci, alƙaluman hukuma ba sa ƙirga su yadda ya kamata.

Waɗanda suka kai lise fa, me ya sa ba a cika ganinsu a seri C ba? Ai su suka zaɓa.

Ga yadda tsarin yake, don iyayen da ba su bi ta nan ba. Bayan BEPC, jarrabawar gama kolej, ɗalibi ya shiga ajin farko na lise ko dai ɓangaren A, na adabi da harsuna da falsafa, ko ɓangaren C, na kimiyya. Daga na kimiyyar ne hanya ke rabuwa biyu: seri C mai nauyin lissafi da fizik, da seri D mai nauyin ilimin halittu. Seri C ƴan kaɗan ne ke yin ta ko a cikin maza, lise da yawa ma ba su da ajin. Ƴan mata masu ƙarfi a kimiyya galibi D suke nufa, sauran su yi A.

Su suka zaɓa, gaskiya ne. Amma wanda ya je tasha da jika biyu a aljihu ba za a ce ya fi son Badagishiri a kan Yamai ba.

Masaniyar zamantakewa Marie Duru-Bellat ta yi bayani a 1990 cewa zaɓin ƴan mata ba wauta ba ce, ba kuma tsoro kawai ba ne: suna hango rayuwar da ke jiransu, su zaɓi karatun da zai zauna da ita lafiya. Hirar da ake yi a harabar makaranta bayan fitowar sakamako tana tabbatar da haka. Malami ya tare uban yarinya: "Baba, ɗiyar nan taka ita ta fi kowa lissafi a ajina. A bar ta ta yi kimiyya, likita ce wannan." Dattijo ya gyara hula ya ce: "Mushe, ni ban hana ta ba. Amma gaya mini, shekara nawa?" "Uku a lise, sannan bakwai ko takwas." "Yanzu sha shida gare ta. Wa za ya zamna ya jira ta? Kuma can Yamai ɗin wurin wa za ta zamna?" Yarinyar na tsaye a gefe, kanta a ƙasa, tana wasa da bakin hijabi. Ta riga ta san amsar tun kafin a yi tambayar, kuma a takardar zaɓi abin da ba zai jawo wannan hira ba ta rubuta.

Tambayar dattijon ta biyu tana da tushe. Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa ta yi suna. Mai son likitanci sai ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram. Makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG tana Yamai. Saurayi zai iya cusa kansa ɗaki ɗaya da abokai shida ya rayu da garin rogo, ba mai cewa uffan. Budurwa kuwa sai an san gidan da za ta kwana.

Me ya sa mata suka taru a aikin koyarwa, jinya da ungozoma?

Karatunsu gajere ne, shekara biyu ko uku, ana samunsa kusa, kamar makarantar horon malamai ta Kaocen a nan Tawa da makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu da suka yawaita. Aikin kuma ana ganinsa a matsayin ci gaban abin da mace ke yi a gida, reno da kula da marar lafiya, don haka miji da surukai ba sa ɗaga murya. A cibiyoyin koyon sana'a ma haka: ƴan mata ɗinki da girki da saƙa, samari walda da wutar lantarki da gyaran babur. Ba dokar da ta raba su. Tun suna ƙanana aka ba wannan ƴar tsana da ƙaramar tukunya, wancan ya ƙera mota da gwangwani da waya. Masanin zamantakewa Pierre Bourdieu ya yi dogon bayani kan yadda abin da mutum ya tashi a ciki ke zama masa ɗabi'a, har ya riƙa jin wasu wurare ba nasa ba ne tun kafin a hana shi shiga.

Wani abin mamaki: magidancin da ya fi kowa ƙin namiji ya duba matarsa a asibiti, sau da yawa shi ne wanda ba zai bar ɗiyarsa ta yi shekara takwas tana karatun likita ba.

Malamai na da hannu a ciki?

Suna da shi, galibi ba da gangan ba. Wa ke sharar aji, wa ke ɗebo wa malami ruwa, wa ake naɗawa shugaban aji? Idan yaro ya ci jarrabawa a ce kai gare shi, idan yarinya ta ci a ce tana da ƙoƙari. Malamai mata sun yi yawa a firamaren birni, saboda suna bin inda mazansu ke aiki, amma a kolej ɗin karkara yarinya na iya gama shekara huɗu ba ta ga mace ta koyar da lissafi ko fizik ba. Ga rashin makewayi na mata daban da ruwa, abin da ke sa wasu fashin kwanaki kowane wata. Ga kuma abin da ba a son faɗa: malamin da ke neman ɗalibarsa da maki. Ba su ne masu yawa ba, amma labarin guda ɗaya ya isa ya sa ƙauye guda ya janye ƴaƴansa.

Kullum zancen ƴan mata. Samari ba su da matsala ne?

Suna da ita, kuma a nan ƙasar Adar babba ce. Yaro ɗan 5e, aji na biyu a kolej, ya ga tsaransa ya dawo daga Abijan ko Libiya ko Aljeriya da babur da babbar salula, yana shirin aure, shi kuwa ko kuɗin sabulu sai ya roƙa. Tun da aka gano zinariya a Jado, can arewacin ƙasar, a 2014, wata hanyar ta ƙaru. A gefe guda ga yayansa mai digiri yana zaune a fada yana dafa shayi, ko yana aikin kwantiragi ana bin gwamnati albashi. Wasu kuma tun farko almajiranci aka tura su, wasu kiwo. Matsin da ke kan namiji shi ne ya nemo kuɗi da wuri, na mace kuwa ta yi aure da wuri. Bambancin shi ne saurayin da ya bar aji yana da hanyoyin neman na kansa, yana iya yawo ya koyi sana'a da harsuna, ita kuwa hanyarta guda ce.

Makarantun kwana na ƴan mata za su magance abin?

Suna magance nisa da wahalar gidan masauki, kuma suna ba yarinya abin da ta fi rasawa, wato awa biyu na karatun dare ba mai aikenta. Da wannan hujja gwamnatin Mohamed Bazoum ta sa gina su a gaba daga 2021, aka fara da irin ta Kelle a jihar Damagaram. Lise Mariama ta Yamai kuma ta daɗe tana fitar da mata da suka riƙe manyan muƙamai. A ganina dabara ce mai kyau amma mai tsada: gini shi ne mai sauƙi, abinci kullum da mai kula amintacciya su ne aikin. Ranar da hatsi ya yanke ko aka ji wani labari marar daɗi, iyaye za su zo su kwashe ƴaƴansu. Matso da kolej kusa da ƙauye da ciyarwa a makaranta suna kaiwa ga yara da suka fi yawa.

Koyarwa da Hausa za ta taimaka wa ƴan mata?

Za ta taimaki kowa a azuzuwan farko. Nijar ta fara gwada makarantu masu harshe biyu tun 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina ganin ƴan mata za su fi cin riba ta wata fuska: uwar da ba ta jin Faransanci za ta iya duba abin da ɗiyarta ke koyo, kuma yarinyar da ke jin nauyin yin kuskure a gaban samari za ta fi buɗe baki. Sai dai lise da jami'a har yanzu da Faransanci suke, dole a iya shi.

Ba wa yara labarin matan da suka yi fice yana da amfani?

Yana da shi. Fadji Maina, ƴar Damagaram, masaniyar ruwa ce da ta fara aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a 2020. Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama a rundunar sojan Nijar a 2015. Mariam Issoufou, wadda aka fi sani da Mariam Kamara, ta fara da kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, kuma aikinta na nan cikin jiharmu: a Dandaji, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018. Ranar 13 ga Mayu da ake bikin matan Nijar ma ta samo asali ne daga tattakin da mata suka yi a 1991 don a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa.

Sai dai uban da ke Bambay ba NASA yake tunani ba. Abin da ke sauya masa ra'ayi shi ne ɗiyar maƙwabcinsa da ta yi karatu, ta yi aure, ta haihu, ba ta zubar da mutuncin kowa ba, kuma ta sa wa ɗakin uwarta kwano.

Ɗiyata na 3e, ajin ƙarshe na kolej, makinta na lissafi da kyau, amma ta ce tsoron kimiyya take ji. Me zan yi?

Fara da karɓar takardun sakamakonta na shekara biyu ka duba lissafi da fizik da ilimin halittu, kada ka tsaya kan jimillar maki kawai. Je ka ga malamin lissafinta da kanka kafin a cike takardar zaɓi, ka tambaye shi matsayinta a cikin ajin gaba ɗaya. Ƴan mata kan raina makin da samari ke taƙama da shi: mai 13 cikin 20 ta ce ba za ta iya ba, mai 10 ya ce shi injiniya ne.

Sannan ku zauna da mahaifiyarta ku raba aikin gida, ƙannenta da yayyenta maza su ɗauki ɗebo ruwa da aike, a ware mata lokaci bayan magariba. A shafa baƙin fenti a bangon zaure ko tsakar gida, a sayo alli, ƙawayenta biyu ko uku su riƙa zuwa. Idan akwai hali a ɗauki mai koyarwa a gida, ya zauna inda ake ganinsu.

Ka kuma gaya mata wannan, don ɗalibai da yawa ba su sani ba sai lokaci ya ƙure: wanda ya fara da ɓangaren kimiyya yana iya komawa A idan abin ya yi masa nauyi, amma daga A zuwa C ko D kusan ba hanya. Da bak D ana shiga likitanci, aikin gona, haɗa magunguna, har da shari'a da tattalin arziki. Da bak A kuwa ƙofar likitanci da ta injiniya a rufe suke.